Cikin Rahama da Injin Gashi

Da almuru ne, shekarar da anka ba mu jihar Kebbi. Rahama na gyaran kifi a tsakar gidansu a Yelwa, sai dutse ya faɗo cikin ƙwaryarta. Jiƙaƙƙe, kamar yanzu anka tsamo shi daga gulbi. Na biyu ya fasa randa. Kaji sunka yi tsit.

Rahama a asibiti take aiki, ɗakin gashin ƙashi, inda wani inji ke ɗumama gwiwa da baya ba garwashi. Cikinta wata huɗu, bayan ɓari biyu.

Kwana ukku ana jifa. Ran na huɗu ta zube bakin murhu, muryar ƙaton namiji na fita bakinta, tana zagin uwar mijinta, Inna Uwani, wadda ko sunanta ba ta iya faɗi. Mijin, Surajo, ya ɗauko Modibbo Jibrin.

Modibbo ya daɗe yana karatu kafin aljanin ya amsa. Ya ce ruwan Kainji ya ci gidansu, ya samu kusurwa a ɗakin gashin asibiti, sai anka kawo ƙarfen nan, injin. In an kunna, gasa shi yake. Kowa ja da baya yake yi, har likita, Rahama kaɗai ke tsayawa jikin injin tana riƙe hannun tsohin mata, don kunyar barin babba kwance cikin tsoro. Ya ɓuya jikinta, ashe nan ma wutar na shiga.

"A kashe injin, ko in ɗauke abin da ke cikinta."

"Ba ka da iko da ran kowa, la'ananne. Hita."

Ya nemi baƙin bunsuru, Modibbo ya hana. Ya nemi ruɓaɓɓen jirgin Surajo da ke bakin ruwa, anka bar mai. Sai ya yi dariya mai muni.

"Ni na ji karatu, zan tahi. Wancan ƙarfen bai jin karatu. Biyun farko da ta ɓarar, ba ni na ɗauka ba."

Ta yi atishawa ukku, jikinta ya saki.

Da safe Rahama ta ɗauki farar rigar aiki. Ta iske Inna Uwani zaune bakin zaure, ta miƙe ƙafafu ta tare hanya. Rahama ta ce tsohin nan ba su da mai riƙe su.

"Ni ma tsohuwa ce. Sai dai ki tsallake ni."

Rahama ta daɗe tsaye, hannunta bisa ciki. Sannan ta ninke rigar.