Fararen Robobin Alkasum

Zalika na tsakar gida tana tankaɗen garin gero, sai ga Gwaggo Hawa'u ta faɗo ko sallama babu, ƙurar motar kasuwar Ƙonni har a girarta. Gwaggo ƙanwar Malam Rabo ce, mahaifin Zalika, kuma duk Malbaza an san ta: in ta ɗauko magana ba ta sauke ta sai a gaban mai ita.

"Ina Yaya? Ku kira min shi! Yau na ga abin da yah hi ƙarhina!"

Malam Rabo ya fito daga ɗaki. Dawowarsa ke nan daga kamfanin siminti, ko wanka bai yi ba.

"Lahiya, Hawa'u?"

"Ina lahiya! Yaron ga da kunka karɓi goronai, Alkasum na Badagishiri, da idona nig gane shi bisa jujin bayan tasha shina tonon shara! Robobin madara shika tsinta, hwarare zalla. In ya ci karo da mai wata kala sai shi yar. Ya zarge su ga igiya ya rataya ga wuya, suna ta ƙwaram-ƙwaram cikin mutane. Yaya, wa ka yin haka in ba wanda kainai ya taɓu ba?"

Rariya ta suɓuce daga hannun Zalika. Ba ta da bakin magana, don ko sunansa ba ta iya faɗa gaban mahaifinta. Amma ta san abin da kowa ya sani: a garuruwan nan, mutumin da ke yawo da robobi a wuya suna ɗaya gare shi. Kuma a binciken aure iyaye kan yafe talauci, kan yafe muni, amma ba su yafe hauka.

Ranar Juma'a bayan la'asar Alkasum ya zo zance kamar yadda ya saba, da kwandon salati da tumatir daga garkarsa, wato lambunsa. Malam Rabo ya tare shi a zaure.

"An ce an gane ka bisa juji. Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Baba. Robobin madarar da ka shigowa daga Sakkwato ne. Ina yanke su in yi renon irin tumatir ciki. Wasu in huda su da ƙusa in binne gindin dashe, in cika da ruwa, shina tsattsahewa sannu-sannu."

"To, na ji. Dashe ya san kala? Mi ya sa sai hwarare?"

Alkasum ya sunkuyar da kai. Malam Rabo ya sake tambaya. Saurayin nan mai bakin ciniki, wanda ke sayar wa matan Malbaza albasa suna dariya, sai ga shi yana murza hularsa kamar ɗan lakwal, ɗan makarantar boko, da bai yi hadda ba.

"Baba, ka gahurce ni. Wanga kam ba ni iya hwaɗi."

Kafin sati ya zagayo aka mayar wa su Alkasum da kayan aurensu.

Zalika ta samu ta tare shi sau ɗaya a bakin tasha, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Haba Alkasum! Kalma guda ce za ka hwaɗi a bar mu! Ko ni ba ka gaya ma?"

"Yi haƙuri, Zalika. Na yi alkawali, kuma ba nawa ba ne in karya."

"To ni hwa? Ni ba ka yi min alkawali ba?"

Ya juya ya shiga mota. Yaron mota ya buga ƙarfe, takisi ta ja. Ta tsaya tana kallonsa ta tagar baya, ga buhun robobin nan ɗaure a saman motar, kowa na nunawa.

Magana kuwa ba ta biyan kuɗin mota. Kafin wata ya ƙare ta kai Dogarawa, ta kai Badagishiri, ta ƙara ƙiba a hanya. Wasu suka ce yana hira da robobin, wasu suka ce aljanun fadama ne suka sa shi. Mata suka daina sayen salatinsa, wai kada a ci a ɗauka. Tumatir ya riƙa ruɓewa a kwando.

A Malbaza kuma Zalika ta rame har wuyanta ya fito. Ba ta yi wa mahaifinta musu ba, ba ta ɗaga wa Gwaggo murya ba. Abu ɗaya ta ɓoye: wata 'yar ma'ajiyar kwalli da tsinken kitso da Alkasum ya yanka mata daga robar madara, ya yi mata zanen furanni da ƙusa mai zafi. Ranar da Gwaggo ta gano ta ƙarƙashin matashi, sai ta jefa ta murhu. Zalika na kallo robar ta nannaɗe ta yi baƙi. Ta shiga ɗaki ta kwanta fuskarta ga bango, ta yi kukan da ba sauti, wanda ya fi ciwo. Aka kawo mata maganar wasu samari, ta ce a yi mata haƙuri, Malam Rabo kuma bai matsa ba.

Wata Lahadi da hantsi, zafi ya fara, aka yi sallama. Wata tsohuwa ce, maƙwabciyarta na riƙe da hannunta. Ta shigo tana laluben ƙasa da ƙafa, ta yi tuntuɓe da turmi.

"Inna Kande!" Zalika ta zabura ta tare ta. Mahaifiyar Alkasum ce.

Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa, ta ƙi sha.

"Malam Rabo, kana nan? Matso ka dubi idona."

Ya matso. Farar yana ta rufe ƙwayar idanun duka biyu.

"Tun bara sunka hwara tahiya. Na je dispansar, ɗan asibitin garinmu, anka ce sai Yamai, ni ko ba ni da halin Yamai. Ba ni ganin mutum, ba ni ganin ƙohwa. Abu guda ya rage min: in abu hwari ne tas, rana ta haske shi, ina ganin alamatai. Shi ne yaron ga yaj ja min igiya daga ɗaki zuwa bayan gida, daga nan zuwa randa, ya jera robobin ga, ina bi. Ni nis sa shi rantsuwa kada shi gaya ma kowa. Na ji tsoro ku ce ɗiyarku jagorar makauniya za ta zama, ku hana shi."



"Shekaranjiya nij ji yara bayan danga suna mai waƙar mahaukaci. Shina jinsu, shina ba ni hura, bai ce uffan ba. Na tsare maƙwabciyata, tah hwaɗa min komi. Ni da nike gudun a hana shi aure, ni nih hana shi! Ni nis sa anka kira ɗana mahaukaci!"

Ta dafe kai tana kuka. Zalika ta rungume ta suka yi tare. Gwaggo Hawa'u, wadda bakinta bai taɓa mutuwa ba, ta jingina da bango ta ja mayafi ta rufe fuska.

Malam Rabo ya juya ga 'yarsa.

"Zalika, kin ji abin da ta ji tsoro, kuma ba ƙarya ba ne. In kin tahi gidan ga, hannunta na cikin naki. Mi kika ce?"

Kanta a ƙasa ta amsa, "Baba, in kun yarda, ina so."

Shi da kansa ya raka Inna Kande gida, ya kuma ce Gwaggo ta biyo su. Suka tarar da gidan kamar yadda ta faɗa. Igiya ta ratsa tsakar gida, fararen robobi na reto a jikinta. An yanke wata ta zama moɗa a bakin randa, wata mazurari, wata an kafe ta a bango da carbin tsohuwa a ciki. Waɗanda ke kusa da murhu an zuba musu tsakuwa, don in ta taɓa su yi ƙara ta ja baya. Tsohuwa ta saki hannun Malam Rabo ta kama igiyarta, ta wuce ɗaki ba tuntuɓe.

Suka sami Alkasum a garka yana durƙushe gindin dashe. Da ya gan su ya gane Inna ta faɗa. Gwaggo ta durƙusa a kan kunyar shuka, babbar mace gaban sa'an ɗan cikinta.

"Ɗana, ka yahe min. Daga tagar mota nig gane ka, ban ko sauko na tambaye ka ba."

"Tashi, Gwaggo, don Allah tashi," ya ce, yana share ido da bayan hannu.

Bayan kaka aka ɗaura aure. Da aka kawo amarya, Inna Kande ta shafa fuskarta tun daga goshi har haɓa, ta ce, "Sun ramar min da ke. Ni zan biya." Ta kuwa yi ƙoƙari, don kullum sai ta raba furarta biyu ta tura wa Zalika rabi. Amma tsohuwar ba ta ga damina ba. Zazzaɓi ya kwantar da ita, ta cika hannunta na cikin na surukarta.

Jama'a, abin da ido ya hango daga nesa ba shaida ba ne, kuma sunan da aka liƙa wa mutum ya fi saurin tafiya a kan gaskiyarsa. Alkasum ya riƙe amanar uwarsa, Zalika ta yi biyayya ta yi haƙuri, Allah bai tozarta su ba, ya haɗa su. Sai dai watannin da surutu ya ci, da tsohuwar nan ta yi su da 'ya a gefenta, kuma babu mai iya dawo mata da su.