Ranar da Muka Kai Baffa Bikin Rantsar da Shugaban Ƙasa

"Hamma, wai me nake gani a ƙofar gida?"

Yayana Hamma Ya'u bai ko ɗago ba, yana ta kiciniyar ɗaure kular masa da ɗankwali.

"Mota kike gani."

"Motar wa?"

"Ta Mansir. Tawa tana wurin bakanike tun shekaranjiya, kin sani. Ko a Keke Napep kike so mu kai Baffa Abuja?"

"Duk direbobin garin Bauchi sai shi?!"

"Shi ya ce zai kai mu. Ki ɗauko maganin Baffa, rana tana yi."

Na tsaya riƙe da mayafi. Wata huɗu ke nan da na ce wa Mansir ya haƙura da ni. Ba don na daina sonsa ba. Tun rasuwar Dada, mahaifiyarmu, mahaifinmu Baffa ya kamu da ciwon mantuwa, kuma ba ya karɓar abinci a hannun kowa sai nawa. Da aka ce za a mayar da Mansir Kaduna a wurin aikinsu, sai na ce ya tafi, ya nemi wata. Ya yi kuka, na yi kuka, na toshe lambarsa.

Ita kanta tafiyar ban so ta ba. Baffa ya yi shekara talatin yana hedimasta, sai ga wani tsohon ɗalibinsa, Obadiya, da ke cikin masu shirya bikin rantsar da sabon shugaban ƙasa, ya aiko masa da katin gayyata guda uku. Baffa yana manta ko ya yi sallah, amma wannan kati bai manta da shi ba ko sau ɗaya.

"Ina kwana, Saudatu," in ji Mansir da na fito. Ya rame. Ko idona ne?

"Lafiya," na ce, na shige baya kusa da Goggo Habibatu, ƙanwar Baffa.

Mun bar Yelwa, mun ratsa gari, muna daidai Miri Baffa ya waiwayo daga kujerar gaba.

"Saudatu, me ya sa ba ki gaishe da mijinki da kyau ba? Faɗa kuka yi?"

Hamma ya kama tari.

"Baffa, ai ba mijina ba ne..."

"Kin ji shashanci! Ba ni na ba shi ke ba? Mansir, ka yi haƙuri da ita, halin uwarta ta ɗauko. Zuciya a kusa, amma ba ta riƙo."

"Ina haƙuri, Baffa," in ji Mansir a hankali.

Ta madubi idanunmu suka haɗu. Na yi sauri na juya ga gonakin da aka fara shuka. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, Baffa yakan kira Hamma da sunan ƙanensa da ya rasu, ni ma wataran sai ya ce mini Dada. To ta yaya sunan Mansir ya zauna masa daram?

Bayan mun wuce Jos, Goggo ta matso ta raɗa mini a kunne.

"Kin san an ce gidansu sun gama haɗa lefe? Akwati shida. Bayan sallah za a yi."

"Da wa?"

"Oho! Ni ma a gidan suna na tsinta."

Ba ni na ce ya nemi wata ba? To kukan me zuciyata take yi? Kuma mai shirin aure me ya kai shi tuƙa uban wadda ta ƙi shi? Har muka gangara Hawan Kibo ban gane komai ba. Goggo ta miƙo mini masa, na ce azumi nake, alhali ta ga na sha shayi da safe.

A Akwanga muka tsaya sallar azahar. Na idar, na fito da ruwa da magani.

"Hamma, ina Baffa?"

"Ba yana wurinki ba?"

"Wurina? A sahun mata?!"

"Na bar shi yana addu'a, na zagaya..."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Goggo ta ɗora hannu a ka. Hamma ya yi tasha da gudu, ni na bi masu gasa masara ɗaya bayan ɗaya. Tsoho fari, dogo, da farar babbar riga. Wannan ta ce ya yi gabas, waccan ta ce ta ga irinsa ya hau babur. Ga motoci suna ta sheƙa gudu a kan titi. Na durƙushe a gefen kwata.

"Na shiga uku... ni na ce kada a zo... ni na ce!"

"Sauda, tashi." Muryar Mansir ce a kaina. "Kin ji wannan ƙarar?"

"Wace ƙara?"

"Ƙararrawar makaranta. Zo mu je."

A bayan masallacin akwai wata firamare mai jan kwano. Muna shiga na jiyo muryar da na tashi da ita tun ina yarinya.

"Bakwai sau takwas?"

"Hamsin da shida!"

Ga Baffa a gaban allo, alli a hannu, ya tattare hannun riga. Malamar ajin tana tsaye a bakin ƙofa tana murmushi.

"Babanku ne? Sunana Liatu. Ya shigo ya ce na rubuta takwas a karkace, sai na ba shi allin. Wallahi yaran nan ba su taɓa natsuwa haka ba."

Na jingina da bango, hawaye yana zuba. Na dubi Mansir.

"Ya aka yi ka sani?"

Ya sunkuyar da kai. "Duk Juma'a in mun taso masallaci sai ya sa na tsaya a makarantar unguwarku."

"Duk Juma'a? Kai da wa?"

"Ni da Baffa. In kin tafi kasuwa nake zuwa. Hamma ya sani."

"Ba kana Kaduna ba?"

"Ban tafi ba. Na roƙi a bar ni."

Kaina ya ƙara kullewa. "To... ita amaryar taka ta san kana wannan wahalar?"

"Wace amarya?"

"Mai akwati shida!"

Ya dube ni kamar zai yi dariya, amma idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Haba, abar ƙaunata. Akwatunan da na fara haɗa miki ne. Innata ta ce a rabar, na ce a ƙarasa. Ban san ranar ba, ban ma san ko akwai ranar ba. Na dai kasa dainawa."

"Mansir, ba zan iya barin Baffa ba..."

"Wa ya ce ki bar shi? Ke kika yanke hukunci ke kaɗai, ko tambayata ba ki yi ba!"

Na goge hawaye, na kamo hannun Baffa muka koma mota. Da la'asar sakaliya muka shiga Abuja.

Washegari ƙafafun Goggo suka kumbura, Hamma ya ce zai zauna da ita a masauki su kalla a talabijin, ya damƙa wa Mansir katinsa. Obadiya da kansa ya tarye mu a ƙofar dandalin bikin, babban mutum da furfura, ya zube har ƙasa.

"Malam, ni ne Obadiya!"

"Madalla, yaro. Ka gaida babanka," in ji Baffa. Bai gane shi ba. Obadiya ya goge ido, ya kai mu mazauninmu.

Jama'a kamar ƙasa, sojoji suna fareti, tutoci kore da fari ko'ina. Da aka busa taken ƙasa Baffa ya miƙe ƙyam, ya rera shi tun daga farko har ƙarshe bai yi tuntuɓe ba. Sabon shugaba ya yi rantsuwa, aka ɗauki tafi. Sai aka fara harba igwa.

Dummm!

Baffa ya firgita, ya damƙe hannuna da na Mansir. Ina ta cewa, "Ba komai Baffa, gaisuwa ce." Da ƙarar ta lafa ya juyo ya dube ni, irin kallon da na yi shekara biyu ban gani ba.

"Saudatu."

"Na'am, Baffa."

"Ba a ɗaura aurenku ba, ko?"

Na girgiza kai.

"Saboda ni?"

"Baffa..."

"Kaina yana yoyo, 'yata, na sani. Yau ina nan, gobe ban san inda zan kasance ba. Kada ki jira sai na manta sunanki. Ina so in bayar da ke da bakina."

"In na tafi wa zai ba ka abinci?"

"Ni zan tare, Baffa," Mansir ya yi caraf. "Ɗakunan bayan gidanku babu kowa. In an yarda."

Baffa ya yi dariya har da tari. "Ango zai tare gidan amarya! To, mun ga sabuwar gwamnati."

Ina kuka ina dariya. Mansir ya leƙo ta bayan kafaɗar Baffa.

"Sauda... kin yarda?"

Na ja mayafi na rufe fuskata. "Ka tambayi Baffa."

"Ni ke nake tambaya."

"Na yarda, masoyina."

Sati uku bayan nan aka ɗaura auren a ƙofar gidanmu. Hamma ya ce Baffa da kansa ya bayar da ni, ya faɗi sunana tiryan-tiryan, har liman ya share hawaye.

Da yamma ina zaune cikin lulluɓi, ƙawayena sun kewaye ni, sai ga Baffa ya shigo yana dogara sanda. Ya tsaya ya daɗe yana kallona.

"Kai, masha Allah. Amaryar nan 'yar gidan wa ce?"

Na ɗaga mayafin, na kama hannunsa.

"Taka ce, Baffa."

"Tawa?" Fuskarsa ta washe kamar ta ƙaramin yaro. Ya dafa kaina. "Ashe na yi arziki. Allah ya yi miki albarka, 'yar nan."