Yatsa a Idon Kyamara

Baba yana da kyamarori biyu, baƙa da ja. Kamfanin da ya ƙera kowacce daban ne.

Auta tana son baƙar. Yayanta kuwa jar yake yabo.

"Tawa ta fi fitar da hoto tas," in ji Yaya.

"Wace taka? Ai ta Baba ce!" in ji Auta. "Kuma baƙar ta fi."

Baba ya yi dariya. "Gobe za mu gwada su. Amma kada wanda ya buɗe su. Akwai wani ɗan gilashi a ciki, shi ne idon kyamara. Shi yake kama haske ya mai da shi hoto."

Auta ba ta son a kayar da ita. Da Baba ya fita, sai ta buɗe jar kyamara. Ta lakato man shafawa, ta dangwala a kan idon da ke ciki, ta rufe.

Washegari Kaka ta zo ganin jaririn da Anti ta haifa. Baba ya ɗauko jar kyamara. Ya yi ta ɗaukar Kaka tana rungume da jikanta.

Da aka buɗe hotunan a kwamfuta, kowa ya yi tsit. Fuskar Kaka ta zama kamar hayaƙi. Jaririn ma ba a gane shi.

"Kai!" in ji Kaka. "Ina hancina ya tafi?"

Mama ta dafe ƙirji. "Duka haka suke?"

"Duka!" in ji Baba. Ransa ya ɓaci. "Mai shagon da ya sayar mini da ita ya cuce ni. Yanzu zan je in same shi."

Auta ta zabura. Za a ci mutuncin mutumin da bai yi komai ba!

"Baba, tsaya," ta ce. "Ni ce na shafa mata mai."

Yaya ya saki baki. "Ke? Don ki kayar da ni?"

Auta ta fashe da kuka.

Baba ya ce, "Kin yi babban laifi. Wata guda ba za ki taɓa kyamara ba. Sa takalminki, tare za mu je wurin mai gyara."

Mai gyara ya goge idon a hankali. Da ƙyar man ya fita.

Da suka dawo, Auta ta durƙusa ta ba kowa haƙuri. Kaka ta gyara ɗankwalinta, aka sake ɗauka da kyamarorin biyu, a wuri ɗaya.

Jar ta fi fitar da launin zanen Kaka. Baƙar ta fi haska fuskar jariri a inuwa.

"To, wa ya ci?" in ji Yaya.

"Ni!" in ji Kaka. "Ga hancina ya dawo."

Kowa ya tuntsire da dariya, har da Auta.

Daga ranar ta gane cewa ba a neman nasara ta hanyar maguɗi. Kuma faɗin gaskiya da wuri yana hana a zalunci wani.