Kujerar da Ba Ta Bushewa

Tun da Malam Hamman ya sayo jar motar nan mai ƙofa biyu a Kano, bai huta da gyara ba. Dillalin ya ce wani gwanin makanike ne ya ƙara wa injinta gudu, amma bai faɗi inda mutumin yake ba. Duk buɗewar da za a yi wa injin sai an kwaso yashin kogi, kujerar gefe kuwa ba ta bushewa ko an shanya ta a rana.

Ranar da zazzaɓi ya rufe 'yarsa Ramatu, bayan isha ya kwantar da ita a kujerar, ya taso daga Auyo zai kai ta asibitin Haɗeja. Suna kaiwa gaɓar kogi motar ta mutu. Kwaɗin fadama suka yi tsit.

Wani dogon mutum ya fito daga cikin gonar shinkafa. Hamman ya yi masa sallama. Mutumin ya wuce ya ɗaga murfin injin, ya cusa hannu cikin duhu ba fitila, sai motar ta tashi.

"Allah ya saka, bawan Allah. Ka san motar ne?"

"Ni na ɗaura wayar nan," in ji shi, kamar mai magana da ruwa a baki.

Hamman ya dubi ƙasa. Ruwa ke tsiyaya daga wandon mutumin, da irin ƙarnin da ke jikin kujerar.

Mutumin ya leƙa ta taga, ya daɗe yana kallon Ramatu.

"Malam, ɗauke yarinyar," ya ce a hankali. "Tun daga Kano a kujerar nan nake zama."