Furen da Ke Shan Iska

Da magariba na taso daga aiki, ƙafafuna kamar ba nawa ba, da wani fure a leda. A ɗakin gwaje-gwaje nake aiki. Kullum muna niƙa saiwar okid, furen dajin nan da ke maƙalewa a jikin itace, ana neman sinadarin da zai buɗe ƙirjin mai asma. Shekara da shekaru Dakta, shugabar sashenmu, na cewa an kusa. Mu dai mun gaji da jin an kusa.

Wannan furen kuwa, Dakta ta ce a yar, ba a samu komai a cikinsa ba. Na ce a bar mini, ko ƙamshinsa ya sauƙaƙa wa Babana.

Asma ce ta kayar da Baba, ni kaɗai nake jinyarsa. Ina ƙaunarsa, Allah ya sani, amma na gaji. Na gaji da tarin nan mai ratsa bango, na gaji da tashi a firgice ina lalubo abin shaƙa.

Na rataye furen a ƙusa saman gadonsa. Ya dubi saiwoyin suna reto, ya tambaya ina ƙasar. Na ce ba ya buƙata, iska yake sha. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Wace iskar, uwata?"

Cikin 'yan kwanaki tarin ya fara raguwa. Na samu barci, har na yi wa Dakta alfahari. Furen ya yi ɓulɓul. Na ga saiwoyin sun ƙi bin taga, sun miƙo ƙasa wajen matashin kai, amma ban kawo komai a raina ba.

Ran nan na dawo da magariba, ba wuta. Ɗakin ya cika da ƙamshi mai nauyi, zaƙi-zaƙi, kamar 'ya'yan itace sun fara ruɓewa. Na tsaya a bakin ƙofa. Ina jin numfashin Baba, a hankali, da ɗan fiton nan nasa. Na ce alhamdulillahi.

Sai na lura daga sama sautin ke fitowa.

Na haska waya. Ƙirjin Baba ba ya motsi. Saiwa biyu sun kwanta a leɓensa. A can kan ƙusa, furen na buɗewa, yana rufewa. Yana buɗewa, yana rufewa.

Na miƙa hannu.

"Bar ni, uwata," aka ce daga sama, ƙasa-ƙasa, da muryar Baba. "Ba kin gaji ba?"

Hannuna ya tsaya. Wallahi ya tsaya.

Sai na yi bismillah na fizga. Saiwoyin da ɗumi, kamar yatsun mutum. Ɗaya ta naɗe mini wuyan hannu. Na sa haƙori na datse ta.

Shiru.

Can Baba ya ja wata doguwar iska, ya fashe da tari.

A tsakar gida na ƙone furen, hayaƙinsa ya daɗe bai watse ba. Na roƙi Dakta ta canja mini sashe, ban faɗa mata dalili ba. Shatin saiwar yana nan a hannuna har yau.

Asmar Baba ta dawo yadda take. Har yanzu ba na barcin kirki, sai dai ba tarinsa ke tashina ba. In ya yi shiru ne nake tashi.