Ɗakin da Aka Hana Mutane

Ranar da abin ya fara, babu wanda zai ce akwai wata damuwa a gidan Mai Labule. Rana ta yi sanyi, hasken yamma ya shigo ta tagar babban ɗaki ya kwanta a kan gado, ita kuwa Auta, 'yarta, tana durƙushe a bakin ƙofa da kyamara a ido.

Sana'ar Mai Labule tsara ɗakunan mutane ce. Ita ke zaɓen fenti da labule da kujeru, ta ce a sa wannan nan, a kau da wancan. Ta yi shekaru tana yi ba a san da ita ba, sai da Auta ta gama makaranta ta ce, "Umma, gani ya kori ji. Mu riƙa ɗaukar aikinki hoto muna sawa a shafinmu na intanet, duniya ta gani." To amma gidan mutane ba ya ɗaukuwa. Kafin a saita kyamara yaro ya jefar da takalmi, maigida ya rataya hula a kan fitila. Don haka Mai Labule ta ware ɗaki guda a gidanta na hoto kawai. Ɗakin mahaifiyarta ne, wadda kowa ke kira Tsohuwa, domin tagarsa ke kallon yamma. Aka kwashe Tsohuwa da carbinta da kwalaben man zafinta zuwa ƙaramin ɗaki na kusa da kicin.

Duk mako ake sake wa ɗakin fuska. A shimfiɗa gado da fararen zannuwa, a jera kofuna biyu a kan ƙaramin tebur, a cika kwanon gilashi da fararen duwatsun ado. Ba a zama, ba a kwanciya, ba a ko jingina. Auta ta taɓa ɗosana mazaunanta a gefen gadon don gajiya, uwar ta daka mata tsawar da har maƙwabta suka ji. Kuma lokaci ɗaya ake hoto, dab da magariba, sa'ad da haske ke yin laushi, a buɗe taga wangalam.

"Lokacin da ake rufe taga da bismillah ku kuke buɗewa," in ji Tsohuwa. "Kin gyara gado, kin ajiye kofi, kin hana ɗan Adam shiga. Wa kike jira?"

"Kwastoma nake jira, Inna," Mai Labule ta ce tana dariya.

To a wannan yammacin Auta ta danna kyamara sau uku, ta sauke ta duba. Ta daɗe tana dubawa. Sannan ta miƙa wa uwar. A gaban idonsu gado yana nan sumul kamar an goge shi. A cikin hoton kuwa gefen katifar ya lotsa, irin lotsawar da ake gani in mutum ya zauna ya saki jikinsa.

"Inuwa ce," in ji Mai Labule. "Sa shi a shafi."

Sai dai hoton nan ya yi abin da hotunan baya ba su taɓa yi ba. Waya ta dinga ƙara har dare. Mata suna ta rubuta cewa ɗakin kamar yana da rai, kamar yanzu mai shi ta tashi za ta dawo. Daga ranar kowane hoto yakan zo da ɗan abinsa, yau kofi ya juya hannu, gobe labule ya tattare wuri guda kamar an riƙe shi. Mai Labule tana gani sarai. Tsoro yakan kama ta, amma aiki yana shigowa irin wanda ta yi shekara ashirin tana roƙo, sai ta ja bakinta ta tsuke. Wannan shirun nata kuwa shi ne laifinta, ita ma ta sani.

Jifa ya fara a wata na biyu. Da an idar da sallar magariba sai a ji ƙwas a kan rufi, a yi shiru mai tsawo, a sake jin ƙwas. Da safe Tsohuwa ta share tsakar gida ta tara abin da ta samu a tafin hannu. Fararen duwatsun nan ne na kwanon gilashi, alhali ɗakin a kulle yake, mabuɗin yana ƙugun Mai Labule. Bayan jifa sai ƙarar cokali a cikin kofi, a hankali, kamar mai motsa shayi ba ta gaggawa. Wani lokacin kuma tari na mace, ɗan gajere, daga bayan ƙofar da ba kowa.

Auta ta rage magana. Yarinyar da ta fi kowa surutu da tsokanar kakarta, mai ce mata kishiyar kicin tun da aka mai da ita can, yanzu sai ta zauna ta ƙura wa bango ido. In ta ga kyamara sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ita da kyamarar ke kwana a gefen filonta. Mai Labule ta karɓi ɗaukar hoton da kanta, ta ce gajiya ce ke damun yarinyar.

A makon ne mai wani sabon otal ya kira. Ya ga hotunan, yana son ta tsara masa ɗakuna arba'in, zai zo ranar Asabar da safe ya ga ɗakin da idonsa. Ranar Juma'a Mai Labule ta wuni tana guga da goge-goge, ta kulle, ta fita sayen furanni. Da ta dawo duhu ya fara sauka. Ta tarar da Tsohuwa tsaye a ƙofar babban ɗaki. Ƙofar a kulle take kamar yadda ta bar ta. Da ta buɗe, sai ga Auta zaune a gefen gado, daidai wurin da ke lotsawa, ta harɗe ƙafa, kofi a hannunta.

"Auta, ta ina kika shiga? Tashi!"

Yarinyar ta ɗago kai a hankali. Muryar da ta fito ba tata ba ce, ta wata dattijuwa ce, murya mai kauri da sanyi.

"Ba a shigo wa mutane ɗaki ba sallama."

Tsohuwa ce ta je da ƙafarta ta taho da Malam, wani tsohon malamin makaranta da ke bayan layinsu, wanda aka sani da karatu ga masu irin wannan lalura. Bai zo da komai ba sai Alƙur'ani da gorar ruwa. Ya cire takalmi, ya yi sallama, ya zauna a ƙasa, ya ce matan su riƙe yarinyar ta kafaɗa. Ya fara karatu da murya ƙasa-ƙasa. Jikin Auta ya yi sanyi ƙalau a hannun uwarta, sannan ya yi nauyi kamar buhun siminti. Duwatsun kwanon gilashi suka shiga kaɗawa su kaɗai. Malam bai ɗaga kai ba, bai ƙara sauri ba, har sai da muryar ta ce, "Ya isa. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke, kuma me ya kawo ki gidan mutane?"

"Gidan mutane? Na wuce ta taga na ga gado a shimfiɗe, kofi a ajiye, ba warin ɗan Adam ko kaɗan. Na jira kwana arba'in ba wanda ya kwanta. Ni da na saba da kango da juji, aka yi mini shimfiɗa irin wannan, sai in ƙi?"

"Ba don ke aka yi ba."

"To don wa?"

Malam ya dubi Mai Labule. Ta sunkuyar da kai.

"Yarinyar fa, me ta yi miki?" ya ce.

"Ita ta fara. Kullum in na zauna na cire lulluɓina sai ta haska mini wannan abin a fuska. Ku ba kwa ganina a ciki, amma namu suna gani. Ina nan a kowane hoto, kaina a buɗe, ana yawo da ni hannu-hannu. Sun tona mini asiri, ni ma na zauna a jikin tasu a gani."

Malam ya ce zalunci ba ya gyara zalunci, ta fita. Ta ce a bar mata ɗakin, ta saki yarinyar. Ya ce ɗaki na mai shi ne, kuma mai shi ga ta nan tsaye da furfurarta. Ya koma karatu. Auta ta banƙare, ta yi wani irin gurnani da ya sa Tsohuwa ta fashe da kuka. Can muryar ta dawo, ta gaji, tana haki.

"Zan tafi. Amma a goge ni. Duk hoton ɗakin nan, na waya da na kyamara da na shafi, a goge yanzu ina gani. Kuma wadda ta shimfiɗa gadon nan ta yaye shi da hannunta. In ba haka ba, ka ƙona ni in ka ga dama, amma da hankalin yarinyar zan tafi."

"Wannan ba saɓo ba ne, kuma haƙƙinki ne," in ji Malam. Ya juya ga Mai Labule. "Baiwar Allah, kin ji. Ɗauko wayarki."

Wayar tana hannunta. Hotuna ɗari uku da wani abu, su ne fuskarta a duniya, su ne suka sa mai otal zai zo gobe da ƙarfe tara. Ta kalli gadon da ta wuni tana gogewa. Ta kalli furannin da ke yashe a bakin ƙofa. Ba ta daɗe ba, Allah ya sani ba ta daɗe ba, bai fi a ja numfashi uku ba. Amma ɗakin ya yi tsit, kowa ya ji tsawon shirun.

"Ke!" Tsohuwa ta daka mata tsawa.

Ta firgita, ta shiga gogewa, hawaye na ɗiga a kan gilashin wayar. Ta goge na shafi, ta goge na waya, ta ɗauko kyamara ta goge. Sannan ta fizge zannuwan gadon ta watsar a ƙasa, ta kife kofunan. Malam ya sa aljanar ta yi alkawari sau uku ba za ta dawo ba, ya tashi ya buɗe taga. Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale jikin uwarta. Labulen ya kumbura waje sau ɗaya, alhali ba iska, ya dawo ya tsaya. Malam ya rufe tagar da bismillah, ya ce a ba yarinyar ruwa, a bar ta ta huta, kuma daga yau a riƙa kwana a ɗakin.

A nan suka kwana su uku, a kan katifar da ba zani. Mai otal ya zo da safe, ya leƙa, ya ga tsohuwa tana shafa man zafi a gwiwa a tsakiyar gado, ya yi sallama ya tafi, bai sake kira ba. Mai Labule ba ta ko raka shi ƙofa ba. Tana zaune ta ɗora kan Auta a cinya tana shafa mata goshi, tana godiya ga Allah a bayyane.

Wajen hantsi yarinyar ta buɗe ido. Idonta ne, muryarta ce, sai dai ta dushe.

"Umma."

"Na'am, Autana. Sannu. Kin tuna wani abu?"

"Ban iya motsi ba, amma ina jin komai." Ta kalli silin. "Da Malam ya ce ki ɗauko waya, ina ta kiranki daga ciki. Na ji lokacin da kika tsaya tunani."

Auta ta ɗaga kanta a hankali daga cinyar uwar, ta matsa, ta ɗora shi a kan ƙafar kakarta.