Kalmar da Juci Ba Ta Iya Kwaikwaya Ba

Juci tana tsaye a gaban murhu tana jiran kuskus na garin masara ya turaru, tana hira da saurayinta. Shi kuwa saurayin yana can jihar Mato Grosso, tafiyar kwana uku a bas, yana tuƙa motar girbin waken soya a wata gona da waya ba ta kamawa sai ran Lahadi, shi ma sai ya hau saman tankin ruwa. Don haka ita ke tambaya, ita ke ba da amsa.

"Edvaldo, ka yi kewata?" ta ce da muryarta.

Sai ta sauke haɓa, ta shaƙe maƙogwaro, ta sosa ƙeya yadda yake yi. "To... ai... ke ma kin sani, Juci."

"Na sani, amma faɗi na ji."

"To... shi ke nan. Na faɗa."

Mahaifinta, Seu Adauto, ya leƙo ƙofar kicin da kofin kofi a hannu. "Yaron nan ya dawo ne?"

"Bai dawo ba, Baba."

"To ki ce masa ya rage surutu. Wanda na sani ba ya haɗa jimla uku a rana."

Ta yi dariya, amma da ya juya sai ta goge ido da bayan hannu. Tun tana ƙarama Juci, wato Jucilene, take kwaikwayon mutane. Ta iya faston cocinsu, ta iya mai tallan gas, ta iya duk matan da suke ɗinkin wandon jins tare. Muryar Edvaldo kuwa ba don wasa ta koye ta ba. Shekara uku ke nan da ita take rage kewa.

A nan garin Caruaru idan mutum ya kasa biyan banki, cewa ake sunansa ya yi datti. Mai dattin suna ba a ba shi katin bashi, ba a ba shi hayar gida. Sai ya tafi wurin ɗan'uwa mai tsabtataccen suna ya ce, "Ara mini sunanka." Haka Kawu Genival, kawun Edvaldo, ya ari sunansa ya sayi babur, biya sau ashirin da huɗu. Ya biya sau uku ya gaji. Bayansa aka ari sunan aka sayi firji, aka sake ara aka sayi talabijin. Edvaldo bai taɓa hawa babur ɗin ba, amma shi ruwan bashi ya ci.

Ranar da ya zo neman aure Seu Adauto ya ce, "Ban hana ka 'yata ba. Je ka wanko sunanka ka dawo."

Ya je banki aka yi yarjejeniya, wata talatin da shida, ya tafi aikin gona. Watan jiya ya biya na ƙarshe. An sa biki watan Yuni, an ga gida mai ɗaki biyu, mai gidan yana jiran ranar sa hannu ya sake duba sunan. Banki ma ya huce, ya aiko masa sabon katin bashi na real dubu uku, kuɗin ƙasar. Sai dai gidan mahaifiyarsa aka kai ambulan.

Ran Laraba da hantsi mahaifiyar tasa, Dona Zuleide, ta iso, kek na masara a hannu ɗaya, ambulan a ɗaya. Duk unguwa an san idan Dona Zuleide ta kawo kek, da magana a ƙarƙashinsa.

"'Yata, kin rame. Soyayya ce ko rowar abinci?"

"Duka biyun, Dona Zuleide. Ku zauna."

Ta zauna, ta ajiye ambulan a tebur, ta shafa shi kamar kan jariri. "Kin san Rayssa za ta cika sha biyar wata mai zuwa. Autata ce, ba uba. Duk sa'anninta an yi musu biki, da doguwar riga, da rawa. Rigar da kek da kafin alƙalamin zauren biki, dubu uku cif. Da katin nan za a saya, a raba biyan sau goma sha biyu, ni zan biya daga fanshona."

"Sai a jira Lahadi a tambaye shi."

"Mai zaure wa'adin Juma'a ya ba ni. Katin nan kuma sai mai shi ya kira banki ya buɗe shi da bakinsa. Na sa Genival ya kira, yana jin an ɗauka sai tari ya sarƙe shi." Ta matso, ta rage murya. "Ke kin iya muryarsa. Ranar bikin Kirsimeti da kika kwaikwaye shi, ni da na haife shi sai da na juya. Lambobinsa duk kin sani. Minti biyu ne, 'yata."

Juci ta kalli ambulan ɗin. Sunansa ne a jiki, baƙi ƙirin, sabo fil.

"Ba zan iya ba."

"Kin iya mana."

"Na iya. Ba zan yi ba. Ƙarya ce, kuma sunansa ne, ba nawa ba, ba naku ba."

"Ni na raɗa masa sunan." Fuskar Dona Zuleide ta canza. "Kina ganin idan na tambaye shi zai hana ni?"

"A'a," Juci ta ce a hankali. "Ba zai hana ku ba. Abin da ke ba ni tsoro ke nan."

Dona Zuleide ta miƙe, ta ɗauki ambulan, ta yi ɗan jim, ta ɗauki kek ɗin ma. "Tun ba ki shigo ba kin fara kulle mana ƙofa. Lahadi zan gaya wa ɗana irin matar da zai kawo mini. Edvaldo bai taɓa musa mini ba — ki riƙe wannan."

Juci ta riƙe. Kwana huɗu ta yi tana riƙe da shi. Idan ya ba da katin, fansho ba zai kai wata uku ba, sunan ya koma datti, gida ya tafi, Baba ya ce a sake jira. Idan kuma uwar ta ce ya rabu da ita, da wane baki zai ƙi? A wajen ɗinki ta ɗinke aljihu biyu a juye. Abokan aiki suka ce ta yi musu faston, ta ce maƙogwaronta na ciwo.

Ran Asabar ta tsaya a kicin ta gwada yadda zai amsa wa uwarsa, wadda yake kira Mainha. Ta sauke haɓa, ta sosa ƙeya. "Mainha, to... ai..." Ta sake. "Mainha, ni dai..." Kalmar ta ƙi fita. Ta laluba duk shekarun da ta san shi, tun yana kawo mata rake a bakin makaranta, ba ta sami inda za ta ɗauko ta ba. Nan ta zauna a ƙasa ta yi kukanta.

Lahadi bayan coci ta tafi gidan Dona Zuleide ba tare da an gayyace ta ba. Ƙarfe biyu waya ta yi ƙara. Dona Zuleide ta buɗe ta kowa ya ji, ta zayyana komai: marainiya, riga, zaure, da yarinyar da ta wulaƙanta ta a gidan ubanta. Daga can sai iska ake ji tana kaɗawa.

"Juci tana nan?" Edvaldo ya tambaya.

"Ina nan."

"Juci... to... ke da kika iya magana, ki yi wa Mainha bayani. Ki faɗa yadda zan faɗa."

"Na gwada jiya," ta ce. "Na iya dariyarka, na iya tarinka, na iya yadda kake kiran sunana. Wannan ɗaya ce ban iya ba, don ban taɓa jin ta a bakinka ba. Shekara uku ina magana a madadinka, Edvaldo. Yau kai nake son ji."

Dona Zuleide ta girgiza wayar, ta zaci layin ya yanke.

"Mainha."

"Na'am, ɗana."

"A'a."

Kalmar ta fito a karkace, siririya, kamar ta yaron da muryarsa ke fashewa. Ya yi gyaran murya ya sake faɗinta, ta ɗan miƙe.

"A'a, Mainha. Wata talatin da shida ina kwana da mutum takwas a ɗaki ɗaya saboda babur ɗin da ban hau ba. Katin nan abin da zan iya biya gaba ɗaya a ƙarshen wata kawai zan saya da shi. Ba na ara wa kowa. Rayssa ƙanwata ce, zan aiko ɗari biyar daga albashina, kyauta, ba bashi ba. Maganar Juci kuma — bikinmu na Yuni yana nan."

Jimla shida a jere. Da Seu Adauto yana wurin da ya nemi kujera.

Dona Zuleide ta yi kuka, ta yi fushi na mako biyu cur. A mako na uku ta aiko Rayssa da yadi shuɗi, ba saƙo. Juci ta ɗinka rigar da hannunta, aka yi biki a tsakar gida, Kawu Genival ya fi kowa cin kek.

Edvaldo ya sauka daga bas farkon Yuni, ya yi baƙi, ya rame. Mai gida ya duba suna, ya miƙa makulli. Abu na farko da suka saya da katin tukunyar kuskus ce ta real tamanin.

"A raba biyan sau nawa?" mai kanti ta tambaya.

"Sau ɗaya," ya ce.

Wanda ya sha wuya ya wanke sunansa, ya sani cewa kati ba kuɗi ba ne, alkawari ne, kuma ƙaunar dangi ba ta hana a ce musu a'a. Juci ta yi haƙuri ta sami mijinta da sunansa a tsabtace. Ta kuma sami abin da ta rasa a tarin muryoyinta. Har yau idan suna cin kuskus da safe sai ta sauke haɓa, ta sosa ƙeya, ta saki siririyar muryar nan mai karkata: "A'a, Mainha."

"Juci, ki daina mana."

"A'a," in ji ta, da muryarsa.